Saverio da Ɓauren Ubansa

Duk wanda ya zauna a titin St. Clair, a birnin Toronto, lokacin da 'yan Italiya suka cika unguwar, ya san Saverio Macri. In bai zauna a kujerarsa ta aski ba, to ya taɓa jiyo muryarsa daga tsallaken titi yana gardamar ƙwallo. Gajere ne, kakkaura, kansa tal ba gashi ko ɗaya, abin da masu zuwa aski ba su taɓa gajiya da yi masa tsiya a kai ba. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi da almakashi a hannu, kuma a tsawon wannan lokaci ba a taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba. In ya ɗan yanki kunnen mutum, to mutumin ne ya motsa.

Abu biyu Saverio yake so a duniya: matarsa Nunzia, da wani itacen ɓaure da ke bayan gidansu. In ka tambayi Nunzia za ta ce maka ka fara da ɓauren. Ubansa ne ya zo da shi daga ƙauyensu na Calabria, a kudancin Italiya, ɗan reshe da bai fi yatsa ba, a naɗe cikin jiƙaƙƙiyar safa, ya tsallako teku da shi a aljihun kwat. Ɓaure kuwa ba ya shiri da sanyin Kanada. Saboda haka kowace shekara in Nuwamba ta kama, sai a ɗaure rassansa da igiya, a sassauta saiwarsa ta gefe ɗaya, a haƙa dogon rami, a kwantar da shi a hankali, a rufe da katako da tsohuwar darduma da busasshen ganye, a zuba ƙasa. Haka zai kwanta dusar ƙanƙara ta yi ta sauka a kansa, sai ƙarshen Afrilu a tono shi a miƙar. Uban ya yi ta yi har ƙarfinsa ya ƙare, Saverio ya karɓa. Kuma akwai ƙa'ida: ɗan ɓaure na farko da ya nuna, maigida ne ke cin sa, a tsaye a gindin itacen, ba a rabawa da kowa.

Nunzia ba ta taɓa kiran itacen da sunansa ba. Suruki take ce masa. "Savè, abinci na hucewa, kana can kana hira da Suruki." "Savè, bana ma za a binne Suruki, ko ya gaji da mutuwa?" Amma in an ɗebo 'ya'yan, ita ce kan gaba wajen ci.

Gwiwoyin Nunzia ne suka fitar da su daga gidan. Hawa matakala ya zame mata azaba, shi kuma likita ya hana shi kwashe ƙanƙara a ƙofar gida. 'Yarsu tilo, Loredana, tana can Vancouver tana bugo waya tana faɗa. Wata Asabar Nunzia ta shafa jan-baki, ta ja shi zuwa ofishin masu sayar da gidaje a wani dogon bene da ko bulo ɗaya ba a aza ba. Rami ne kawai a wurin da allon talla. A cikin ofis kuwa ga benen tsaye a kan tebur, ɗan mitsitsi cikin gilashi, da 'yan mutanen roba suna shan iska a wani koren lambu.

Saverio ya sa yatsa a gilashin. "Wannan lambun fa, na wa ne?"

"Naku ne, yallaɓai," in ji mai sayarwar, yana murmushi har kunne. "Na duk wanda ya sayi gida a nan."

Shi ke nan, Saverio ya sa hannu a duk inda aka nuna masa. An ce musu shekara biyu za a gama, sai da aka kusa ninkawa. Da aka ba su mabuɗi suka sayar da tsohon gidan ga wani da ya faɗa musu ƙiri-ƙiri cewa rushewa zai yi. Nunzia ta kwashe tukwanenta. Saverio ya rage wa ɓauren rassa, ya tono shi da saiwarsa, ya dasa a rabin gangar katako, ya sa ƙarti biyu suka tura shi cikin lifta har hawa na goma sha biyu. A baranda aka ajiye shi, yana kallon titi.

Sabon gini ba ya ƙarewa ranar da aka ce an gama shi. Ko'ina ƙamshin fenti, ko'ina ma'aikata da hular kwano, wannan na gyara ƙofar da ba ta rufuwa, wancan na neman inda ruwa ke tsiyaya. Nunzia ko a jikinta. Ta sami lifta, ta sami ɗakin da tsofaffin mata ke buga karta, ta sami ramin zuba shara a bango wanda ba sai ta sa takalmi ba. Ranta fes. A wata ɗaya ta san sunan jikokin rabin benen.

Shi kuwa Saverio abin da ya samu shi ne Madam Beverly Tkachuk. Tsohuwar shugabar makaranta ce, doguwa, da tabarau rataye a wuya. Ranar da kamfanin gini ya miƙa ragamar benen ga ƙungiyar masu gidaje, ita kaɗai ce ta zo taro bayan ta karance littafin dokoki daga bango zuwa bango, don haka ita aka zaɓa shugaba. Ba muguwa ba ce, a gaya gaskiya. Mace ce da in ta ga labule mai launi daban a taga, ba za ta iya cin abinci ba sai ta yi magana. Wata safiya ta ƙwanƙwasa ƙofarsu.

"Mista Macri, akwai itace a barandarka."

"Ai kuwa, Madam Shugaba. Shigo ki gaisa da shi."

"Ana hango shi daga titi. Doka ta ce ba abin da zai wuce tsayin ƙarfen baranda."

"Barandar wa?"

"Ta ƙungiya. Kai dai an ba ka izinin amfani da ita."

Saverio ya dubi Nunzia, ya dubi Madam. "To ni me na saya ke nan? Iskar da ke tsakanin bango huɗu?"

"Kusan haka ne," in ji Madam, ba tare da ta yi dariya ba. "Na ba ka zuwa farkon sanyi."

Ya bi ta da zagi cikin yaren ƙauyensu bayan ta rufe ƙofa, amma a ransa ya san ko ba Madam, iskar hawa na goma sha biyu za ta kashe itacen kafin Kirsimeti. Ɓauren na bukatar kabarinsa. Ya buga waya nan, ya buga can. Abokansa masu bayan gida wasu sun mutu, wasu 'ya'yansu sun kwashe su zuwa benaye irin nasa. Loredana ta ce, "Baba, ka sayi ɓaure a kanti mana, kamar kowa." Ya ajiye wayar. Maganar ta yi masa ciwo ƙwarai.

Dabarar ta zo masa ne yana zaune a zauren shiga, yana kallon masu wucewa, sana'ar da ya ƙware a kai. Ya lura cewa duk wanda ya sa hular kwano da riga mai ƙyalli, ba mai kallon fuskarsa. Ana buɗe masa ƙofa, ana matsa masa a lifta. Da mutum zai ɗauki kujerar zauren a ka ya fita da ita, sai dai a ce masa sannu da aiki. Washegari ya shiga kantin kayan gini ya sayi hula, da riga mai ruwan lemo, da takunkumin ƙura, da shebur, ya ari baro daga kayan da masu gini suka bari a bayan bene.

"Ina kuma za ka da wannan shiga?" in ji Nunzia. "Bikin 'yan tashe ake a ƙasa?"

"Jana'iza zan je."

"Savè, kada ka ja mini abin kunya a gidan nan. Ina da mutunci a ɗakin karta."

"Ke dai riƙe mini ƙofa."

Ta riƙe masa, tana mita.

Da rana tsaka, ido na ganin ido, Saverio ya fito da ɓauren a ɗaure, a naɗe cikin darduma, kwance a baro. Wani lauya ya riƙe masa lifta. A bakin ƙofar lambu ya yi kiciɓis da Madam Tkachuk. Ya sunkuyar da kai.

"Sai yau kuka ga dama?" in ji ta. "Tun yaushe nake rubuta wa kamfaninku a kan lambun nan? In ka gama, fitilar da ke kusa da benci ma ba ta kamawa."

Ya gyaɗa kai, ya yi gurnani cikin takunkumi, ta wuce.

Ya zaɓi wuri mai kyau a tsakiyar ciyawa, inda rana ke sauka, ya tofa yawu a tafin hannu, ya fara haƙa. Ƙasar laushi gare ta kamar gari, har ya fara yabon kamfanin a ransa. Da ramin ya kai gwiwa sai shebur ya ce ƙwal. Ya share da ƙafa, ya ga wata baƙar shimfiɗa mai kama da roba. Ya ɗauka tarkacen masu gini ne, ya ɗaga shebur ya kafta mata sara, ya ƙara, ya kuma ƙarawa da haushi. A sara na ƙarshe ne ya ji ƙasa na rawa a tafin ƙafarsa. Ya ɗaga kai, ya ga wata mota ta gangara ta bakin garejin ƙarƙashin ƙasa, ya ji ta wuce ta ƙarƙashinsa. Ashe lambun gaba ɗaya rufin gareji ne aka yayyafa wa ƙasa.

Saverio ya zauna a bakin baro. Tun da suka bar St. Clair bai yi baƙin ciki irin na wannan lokacin ba. Ya sayar da gidan da ubansa ya biya da gumi, ya sayi wuri da ko ƙasar da ake takawa ta ƙarya ce. Sai da ya share ido da bayan hannu. Amma rana na tafiya, kuma itace ba ya jiran mai kuka. Tunda ba zai iya yin ƙasa ba, sai ya yi sama. Ya kwantar da ɓauren a ɗan ramin, ya rufe da katako da darduma, ya kwaso buhunan ganye da sauran ƙasar da masu lambu suka bari, ya tula, ya daddanna da bayan shebur. Da ya ja baya ya duba, shi kansa sai da ya yi alamar gicciye. Dogon tudu ne, tsawon mutum, faɗin mutum, a tsakiyar ciyawa. Ko makaho ya shafa zai ce kabari ne.

Na farkon da ya faɗa da baki shi ne Dalton Persaud, tsohon direban bas ɗan asalin Guyana, maƙwabcinsu na ƙofa da ƙofa, mutumin da labari ba ya kwana a cikinsa. Ya tarar da Saverio a zaure, ya ja kujera.

"Mutumina, ka ga abin da ke lambu?"

"Na gani."

"Me kake tsammani?"

Mai aski ya san cewa jita-jita ba a tura ta, hanya kawai ake ba ta. Saverio ya yi ajiyar zuciya, ya dubi rufi. "Ni dai ban ce komai ba, Dalton. Amma gini mai tsawo haka, a gama shi kowa ya koma gida lafiya? Kuma me ya sa aka yi ta ɗage mana ranar tarewa?"

Kafin Lahadi, benen ya rabu gida uku. Wasu sun ce lebura ne ya faɗo, kamfani ya ɓoye. Wasu sun ce karen wata attajira ne a hawa na sama. Matan ɗakin karta sun ce su dai tun farko sun ji wurin bai kwanta musu ba. Wata ta kai furanni. Wani ya ajiye kyandir a kwalba. Saverio kuwa kowace safiya sai ya sauko, ya tsaya a gaban tudun, ya cire hula, yana duba ko dardumar ta fito. Mutane suka ce tsohon nan akwai tausayi.

Madam Tkachuk ba ta yarda da zancen gawa ba ko kaɗan, ita da ta ga ma'aikacin kamfani da idonta yana shiga da baro. Ta rubuta wa kamfanin gini su zo su kwashe tarkacensu. Kamfani ya amsa cewa sun miƙa lambu lafiya lau, abin da ya tsiro bayan nan na ƙungiya ne. Wannan ita ce rayuwar sabon bene: duk abin da ya lalace sai an shekara ana jifa da shi tsakanin wanda ya gina da waɗanda suka saya, kuma muddin ana jifar, ba mai taɓa shi. Saverio ya gane haka tun daga ƙofar banɗakinsu da har yanzu ba ta rufuwa. Saboda haka da aka kira taro, wani matashi ya ce shi zai ɗauko shebur ya baje tudun kowa ya huta, Saverio ne ya miƙe tsaye yana dukan kujera.

"Kul! Kada wanda ya taɓa! Ka sa masa shebur, gobe kamfani ya ce mu muka ɓata, garanti ya tashi. Su suka tula, su za su kwashe. Ko ba haka ba, Madam Shugaba?"

Madam ta dube shi ta saman tabarau, da mamaki, har da ɗan jin daɗi. "Mista Macri ya yi gaskiya. Ashe kana karanta dokoki."

"Kullum, Madam. Da su nake barci."

Nunzia da ke zaune a gefensa ta mintsine shi a cinya har sai da ya zauna. Aka zagaye tudun da igiyar roba mai ruwan ɗorawa, aka kafa sanarwa cewa kada kowa ya kusanta. Dusar ƙanƙara ta sauka ta lulluɓe komai. Ɓauren Calabria ya yi barcinsa a ƙarƙashin kariyar ƙungiyar masu gidaje. Saverio bai taɓa jin daɗin sanyi irin na shekarar ba. Madam har ta fara gaishe shi da fara'a, ta ce in an tashi zaɓe ya tsaya takarar kwamiti.

A watan Maris ƙanƙara ta fara narkewa, ruwa ya nemi hanya, ya sami saran shebur uku. A cikin duk motocin da ke garejin, bai zaɓi ta kowa ba sai ta Madam Tkachuk. Ɗis, ɗis, ruwan siminti mai barin farin tabo, a kan gilashin gaba. Wannan karon kamfani bai iya zillewa ba, don yoyon rufi ba abin wasa ba ne. Aka liƙa sanarwa a lifta: ranar Litinin za a kawo ƙaramar katafila a tone wurin.

Saverio ya karanta, ya sake karantawa. Katafila ba ta san darduma ba. Haƙorinta ɗaya ya isa ya raba itacen biyu. Ya koma sama ya zauna a baranda, a gurbin da gangar ta bari. Nunzia ta fito da kofi ta tsaya a kansa.

"To, mai dabara. Yanzu fa?"

"In na yi shiru, su kashe shi. In na yi magana, in zama abin dariya, ke kuma matan karta su cinye ki ɗanya."

"Matan karta bar ni da su. Kai dai abin da ke damunka shi ne ka buɗe bakin nan ka ce ka yi kuskure. Tun da na aure ka ban taɓa ji ba. Ina so in ji kafin in mutu."

"Ba kuskure na yi ba. Su suka sa gareji a inda bai kamata ba."

"Savè," in ji ta, muryarta ta sauka. "Ni na riƙe wa ubanka fitila shekarar da ya binne shi na ƙarshe, hannunsa na rawa. Kada ka bari a markaɗe mini Suruki."

Ranar Litinin da hantsi rabin benen ya sauko kallo, don kowa na son ganin abin da za a tono. Dalton har da baƙar kwat. Katafila ta hau ciyawa tana huci. Sai ga Saverio ya ratso mutane, da hular kwano, da riga mai ruwan lemo, da shebur a kafaɗa, ba takunkumi. Ya tsallake igiya, ya hau kan tudun ya tsaya.

Madam Tkachuk ta sa tabarau. Ta dubi hular, ta dubi rigar, ta dubi gajartar mutumin. Fuskarta ta yi ja tun daga wuya.

"Kai ne mai baro."

"Ni ne, Madam. Fitilar benci kuma ban samu na gyara ba."

"Mene ne a ƙarƙashin ƙafarka, Mista Macri?"

"Ɓauren ubana." Ya nemi Nunzia da ido a cikin taro, ya same ta. "Ni na haƙa, ni na sari rufin. Na yi kuskure."

"Ƙara faɗi," in ji Nunzia daga baya, "na nesa ba su ji ba."

Dariya ta ɓarke. Dalton ya cire baƙar kwat ya yi jifa da ita. "Kai tsohon banza! Sau nawa na yi wa wannan itacen addu'a? Har kyandir na saya!" Amma shi ne ya fara karɓar shebur. Aka kashe katafila, aka tone da hannu, aka yaye darduma. Ga shi nan kwance, a ɗaure, toka-toka. Saverio ya durƙusa ya kankare ɓawon reshe da farce. Kore shar. Ya daɗe a durƙushe, ba wanda ya ce masa ya tashi.

Madam ta bari sai da ya miƙe. Ta ce gyaran rufi a wuyansa yake, ya ce ya ji. Ta ce itacen ba zai koma baranda ba, ya ce ya sani. Sa'an nan ta juya ta nuna can ƙarshen lambu, lungun da ke jikin shinge.

"Garejin bai kai can ba. Daga wancan benci zuwa shinge ƙasa ce ta gaske, sai inda ƙarfinka ya ƙare. Da ka tambaye ni tun farko, da na gaya maka, yana cikin zanen ginin." Ta gyara tabarau. "Amma duk abin da aka dasa a lambu ya zama na ƙungiya. Ba naka ba. Na kowa da kowa, gida ɗari biyu da wani abu. Ko ka bayar, ko ka fita da shi daga harabar nan yau."

Saverio ya dubi itacen. Ba shi da inda zai kai shi, kuma kowa a wurin ya san haka. Abin da ubansa ya ɗauko a aljihu, abin da shi ya binne ya tono tun da ƙarfin uban ya ƙare, yau zai zama nasa ne daidai da yadda yake na matashin nan da ya so baje tudun, wanda ko sunan ɓaure bai sani ba. Ya ji kamar a ce ya ba da ɗa riƙo. Ya cire hular kwano, ya shafa sanƙonsa.

"Na bayar," in ji shi.

Aka ajiye itacen a ɗakin kekuna mai sanyi har Afrilu, aka dasa shi a jikin shinge. Aka kafa kwamitin ɓaure, don a benen nan ko tsintsiya sai an yi mata kwamiti. Saverio ya zama mai ba da shawara, ba shi da ƙuri'a. In zai rage reshe sai ya nemi izini. Kwamiti ya yanke cewa ba mai tsinkar ko ɗaya sai ranar da aka sa, a tara a faranti, a yayyanka, kowa ya ɗanɗana a zaure.

A shekarar ɓauren bai yi 'ya'ya da yawa ba, saboda wahalar da ya sha. Amma a farkon Satumba akwai guda ɗaya can ƙasa, a bayan wani faffaɗan ganye, da ya fara yin baƙi yana sunkuyar da wuya. Saverio ya gan shi tun yana kore, ya ja ganyen ya rufe shi. Kwamiti na iya yanke abin da ya ga dama, na farko na maigida ne. Ranar da ya san ya nuna, ya ci abincin rana, ya ce wa Nunzia zai ɗan miƙe ƙafa, ya sauka yana waige-waige, zai saci ɓauren ubansa.

Ya ɗaga ganyen. Ba komai sai guntun kara, da ɗigon farin ruwa da ko bushewa bai yi ba.

Ya ji motsi a bayan itacen. Madam Beverly Tkachuk ce tsaye a jikin shinge, kumatu a cike, tabarau na lilo a ƙirji, tana ƙoƙarin ɓoye yatsunta a bayan siket. Suka tsaya suna kallon juna. Tun rasuwar ubansa ba wanda ya riga shi cin na farko, kuma abin ya soke shi har cikin rai. Ya buɗe baki zai yi mata wankin babban bargo, sai ya ga yadda ta lumshe ido tana taunawa a hankali, kamar yadda uban nasa yake yi.

Ta haɗiye da ƙyar. "Zuwa na yi in duba ko akwai ƙwari."

"Kin same su?"

"Mista Macri, ban taɓa cin abu irin wannan ba." Ta dubi itacen daga sama har ƙasa. "Yaushe ake binne shi? Ina so in sa a jadawali. Kuma dole ka nuna mana yadda ake ɗaurin nan, ni da Mista Persaud. Ba kullum za ka iya ba."

Saverio ya dube ta. Shekara da shekaru abin da ke hana shi sukuni ke nan, wanda bai taɓa gaya wa ko Nunzia ba: ranar da hannunsa zai fara rawa, wa zai karɓi shebur? Ya zaro hankici daga aljihu ya miƙa mata.

"Sati na biyu na Nuwamba. Ki zo da sheburinki, ba na ba da aro. Goge bakinki, Madam Shugaba, kyamarar tsaro na kallonmu."